Kicin Ɗin da Ba Na Sayarwa Ba: Ta'aziyyar Lauratu Mahmuda Birchi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Janairu, 2025, a tsakiyar watan Rajab, Allah Ya karɓi ran 'yarmu Lauratu Mahmuda Birchi a gidan mahaifiyarta da ke Kurfi, bayan doguwar jinya ta ciwon ƙoda. Ta rasu tana da shekara talatin da takwas. Ta bar mijinta Malam Misbahu, da 'yarsu Fiddausi, da mahaifiyarta Hajiya Nana Hadiza, da ƙaninta Naziru. An yi mata sutura a ranar, bayan sallar La'asar.

Ina zaune a rumfata ta bakin titi a Dutsin-Ma, da hantsi, ina jiran wani mutum da zan kai ya ga fili, sai wayar Naziru ta shigo. Ko sallama bai yi ba, shi da ba ya fara magana da ni sai ya gaishe ni ya tambayi kowa na gida. Ya ce, "Baba, Yaya ta cika." Na ce to. Sannan na sake cewa to. Mai neman filin ya iso ya tarar da ni ina ta laluben takalmana, alhali suna ƙafata.

Ni dillalin gidaje da filaye ne, ba marubuci ba. Sunana Zubair, kuma mahaifin Lauratu, marigayi Malam Mahmuda magini, aminina ne tun muna kiwon awaki a Birchi. Na ɗauki alƙalami ne domin akwai abubuwan da na gani da idona game da wannan baiwar Allah, kuma ina tsoron in na yi shiru su tafi tare da ni. Lauratu, bari in yi magana da ke kai tsaye yadda muka saba, duk da na san amsa ba za ta zo ba.

Kina ƙaramar yarinya mahaifinki ya kawo ki gidana a bayan kekensa, da ƙullin kayanki, don ki yi sakandare a Dutsin-Ma. Ya ce da matata Batula, "Ga 'yarki nan, in ta yi ba daidai ba kada ki jira ni." Ba ki yi ba daidai ba sai sau ɗaya, shi ma har yau muna dariyarsa. Batula ta tafi biki ƙauyen Kuki ta kwana biyu. Da ta dawo ta shiga madafinta ta kasa gane shi. Randar ruwa ta bar lungu ta dawo bakin ƙofa, itace ya koma bayan murhu, tukwane an jera su a kan wani katako da kika ɗora bisa bulo, ludayi da mara da maburgi kowanne na rataye a jikin ƙusa. Batula ta fito tsakar gida tana tambayar wanda ya taɓa mata kaya. Kika durƙusa kika ce, "Inna, ni ce. Na ga kullum sai kin zagaya turmi kafin ki kai ga ruwa, ga tukunya a hannunki." Ta ce ki mayar da komai inda kika same shi, kika mayar ba musu. Ba a yi mako ba na dawo daga masallaci na tarar da Batula ita kaɗai tana jan randar nan zuwa bakin ƙofa. Ta ɗago ta dube ni ta ce in na faɗa miki ba ta yafe ba. Ban faɗa miki ba sai bayan kin yi aure.

Kika tafi jami'a kika karanta zanen gine-gine. Mahaifinki bai ga ƙarshen karatun ba, amma ya ga farkonsa, kuma duk inda ya je aikin ginin ƙasa sai ya faɗa wa lebura cewa 'yarsa na koyon zana gida a takarda tun kafin a haƙa harsashi. Bayan kin gama aka ɗaura miki aure da Misbahu, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Legas, kuka tafi can. Da labari ya zo cewa aikin da kika samu na tsara ɗakunan girki ne, wasu daga cikin dangi suka yi ta zolaya: ashe duk wannan karatu a kicin zai ƙare. Da kika zo hutun Sallah aka maimaita a gabanki, kika yi murmushi kika ce, "A kicin ya ƙare kam, amma kicin ɗin mutane."

Ni kaina ban fahimci aikin ba sai shekarar da na je Legas ɗaurin auren ɗan wani abokina, na sauka a gidanku. Washegari kika ce sai na bi ki wurin aiki. Ranar na fara ganin teku. Na tsaya ina kallon ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar, kika bar ni na kalla har na ƙoshi, sannan kika ce in lashi leɓena. Na lasa na ji gishiri. Kika ce, "To Baba, wannan shi ne abokin faɗana. Abin da ka ji a bakinka, shi gidajen nan ke sha dare da rana."

Kika shiga da ni gidaje biyu a layi ɗaya, masu fuskantar ruwa, magini ɗaya ya gina su, girmansu ɗaya, fentinsu ɗaya. A na farko kika buɗe wani kabad na kicin, ƙofar ta biyo hannunki ta fita, domin ƙarfen da ke riƙe ta tsatsa ta cinye shi. Katakon ya kumbura kamar burodin da ya faɗa ruwa. Wani wari na funfuna ya bugi hancina. Kika ce kicin ɗin bai fi damina uku ba, kuma da aka haɗa shi ya fi na maƙwabcinsa kyau da tsada. Sai dai an haɗa shi ne kamar a Kaduna yake, an manta da teku. Gidan ya daɗe da allon sayarwa a jikinsa, mai shi yana ta rage kuɗi, masu saye suna zuwa suna juyawa.

Na biyun shi ne aikinki. Nan kika yi ta nuna mini kamar yarinya mai nuna sabon ɗinki. Ƙarfen da ba ya tsatsa a duk inda hannu zai taɓa. Dutse a saman teburin aiki maimakon katako. Kabad-kabad a ɗage bisa ƙafafu, don in ruwan sama ya yi ambaliya ya shigo ya wuce ta ƙasa, kuma tsintsiya ta samu shiga. Ƙofofinsu da 'yan ramuka don iska ta riƙa ratsawa. Taga biyu suna kallon juna. Kika ce wannan gidan an sayar da shi tun kafin fentin waje ya gama bushewa, kuma mai shi bai rage ko kaɗan ba, sai ma mutum biyu da suka yi ta ja a kansa.

Kika ce mini, "Baba, mai gida bango da rufi yake dubawa. Amma wadda za ta ce a saya ko a bari, kicin take fara shiga. Za ta durƙusa ta buɗe ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta shinshina. In ta ji laima, ko falon na zinariya ne ta gama da gidan." Na ce wannan a Legas ne, mu a wajenmu namiji ke zuwa ganin gida shi kaɗai, ya ƙirga ɗakuna ya dubi zaure ya biya. Kika ce, "Za su fara zuwa da matansu. In ba su zo da su ba, kai ka ce su zo da su." Na yi dariya na ɗauka hirar yara ce.

Ciwon ya fara miki da kumburin ƙafa. Kika ɓoye shi iya ɓoyewa, har ya kai ga sai an riƙa yi miki wankin ƙoda. Misbahu ya yi duk abin da namiji zai yi wa matarsa, na shaida wannan a gaban Allah. Da jikin ya ƙi, kika roƙe shi ya dawo da ke kusa da mahaifiyarki, wadda ta baro Birchi ta koma Kurfi tun lokacin da kwana a ƙauye ya fara wuya. Aka dawo da ke da Fiddausi. Daga Kurfi ake kai ki asibiti Katsina, shi kuma Misbahu yana ta zirga-zirga a wannan doguwar hanya, har ya rame kusan kamar ke.

A cikin wannan hali ne maganar Rekiya ta taso. Rekiya matar marigayi Lawal direba ce, wanda ya rasu a hatsarin mota ya bar ta da 'ya'ya huɗu da gida ɗaya a gangaren dam a nan Dutsin-Ma. Gidan ne kaɗai gadon, kuma akwai mahaifiyar mamacin, tsohuwa Dada, wadda ita ma ke da haƙƙi a ciki kuma tana buƙata. Aka yanke a sayar a raba, aka ba ni dillancin. Gida ne mai kyau, ginin siminti, amma yana cikin kwari. Da damina ta sauka laima kan hau bango, musamman ɗakin girki da ke can ƙuryar baya ba taga, ya yi baƙi ƙirin, ƙasansa kullum a jiƙe. Duk wanda na kai sai ya leƙa ya toshe hanci, ya ce gidan ruwa ne. Mutum ɗaya ya taya, tayin da in aka raba, abin da zai zo hannun Rekiya da marayunta ko ɗaki ɗaya ba zai saya musu ba. Dangin mijin sun gaji da jira, suna cewa a sallama. Rekiya ta zo rumfata ta tsaya daga gefe da goyo, ta ce, "Malam Zubair, in aka sayar a haka, ina zan kai su?"

Na zo duba ki Kurfi, hira ta kawo hira na ba ki labarin, ba don ki yi komai ba, sai don abin ya tsaya mini a rai. Kina kwance a kan tabarma an tokare ki da matashi. Kika yunƙura kika zauna, kika fara jero mini tambayoyi: ina gabas take daga ɗakin, bangon bulo ne ko na ƙasa, ina ruwan wanke-wanke ke bi. Rabinsu ban san amsarsu ba. Kika ce Naziru ya kai ki. Hajiya ta hana, ni ma na hana. Kika ce, "Baba, kwanciyar nan ba ta warkar da ni. Ku bar ni in je in ga bango."

Aka kawo ki a mota. Rekiya ta ajiye miki kujerar roba a tsakar gida, kika zauna da bargo a ƙafa, kika sa Naziru ya riƙa ƙwanƙwasa bango yana faɗa miki inda ya jiƙe. Kika ce gidan lafiyarsa ƙalau, numfashi ne kawai aka hana shi. Ruwan wanke-wanke ne ke kwanciya a gindin bango, ga ɗaki a rufe ruf. Kika ce abin da teku ke yi wa gidajen Legas shi dam ke yi wa wannan, sai dai nan babu gishiri, don haka maganin ma ya fi sauƙi.

Rekiya ta sayar da ragon da take kiwo aka sayi siminti da tayil. Abin da bai isa ba kika cika daga aljihunki, ke da kowane mako asibiti ke jiranki, kuma kika gargaɗe ni kada in bari ta sani. Na riƙe miki wannan har yau, yanzu kuma na faɗa domin a yi miki addu'a. Aka kira Munzali birkila da Hamma kafinta. Aka fasa taga biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Aka ɗaga daɓen ɗakin, aka ja kwata ta fitar da ruwa nesa da bango. Maimakon kabad ɗin katako da gara da laima za su ci, kika sa aka zuba kantoci na siminti a ɗage daga ƙasa, aka lulluɓe su da tayil, Hamma ya yi musu ƙofofin alminiyam masu raga. Kika ware gefe ɗaya na gas, kika fitar da murhun gawayi waje ƙarƙashin 'yar rumfa. Duk ranar da ba ta asibiti ba kina nan bisa kujerar nan. Wani lokaci magana na bakinki barci zai ɗauke ki, ma'aikatan su rage ƙarar guduma, ki farka ki ci gaba daga inda kika tsaya. Munzali ya faɗa mini cewa bai taɓa yin aiki da wanda ke cewa "don Allah" kafin ya ce a rushe abin da aka gina ba sai ke.

Da aka gama kika ce kada in kai kowa sai damina ta yi nisa, don mai saye ya ga ɗakin a lokacin da ya fi muni. Dangin Lawal suka yi ta ƙorafi, na yi ta ba su haƙuri. A cikin watan Agusta, washegarin wani ruwa mai ƙarfi, wani malamin jami'a ya neme ni yana son gida. Na tuna maganarki ta Legas, na ce ya zo da iyalinsa. Ya dube ni kamar na faɗi abin da bai dace ba, amma ya zo da ita. Shi ya tsaya a zaure yana tambayar takardun fili. Ita kuwa ko ɗakunan kwana ba ta leƙa ba, ta wuce kai tsaye bayan gida. Na bi ta daga nesa. Wallahi, Lauratu, durƙusawa ta yi ta buɗe ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta sa kai. Ta miƙe ta shafa bango da tafin hannu, ta tsaya tsakanin tagogin nan biyu iska na kaɗa mayafinta. Ta fito ta ce da mijinta a hankali, "Malam, nan ne."

Gidan ya tashi a kan kuɗin da ni kaina, da shekaruna a wannan sana'a, ban yi zaton unguwar za ta kai ba. Dada ta samu haƙƙinta cikin mutunci. Rekiya ta sayi ɗan gida mai ɗaki biyu a kan tudu, ba a cire yaro ko ɗaya daga makaranta ba. Ta zo Kurfi da kaza biyu da ƙwaryar fura za ta yi godiya, kuka ya hana ta magana. Kika ce ta bar kukan, ta faɗa miki dai ko sabon gidan yana da taga a madafi.

Tun daga nan masu gidajen haya da masu niyyar sayarwa suka fara aiko ni gare ki. Wanda kika iya kika zana masa a kwance, wanda ba ki iya ba kika tura shi wurin Munzali da Hamma, kika ce sun riga sun gane. Yau a Dutsin-Ma akwai mata da yawa da ke girki cikin iska da haske, ba su ma san sunanki ba.

Aikinki na ƙarshe na Hajiya ne. Shekara da shekaru kina roƙonta ta bari ki gyara mata wurin girki, tana ƙi. Idanunta sun lalace da hayaƙin itace, kullum ja, kullum suna ruwa, likita ya ce ta rabu da hayaƙi. Kin taɓa aiko mata da gas daga Legas, ta rufe shi da zane ta ɗora kwanuka a kai. Ta ce ita ba ta iya tuƙa tuwo a tsaye ba, kuma tuwon da ba na itace ba bai kai mata ciki. Da kika dawo gida jinya kika daina gardama da ita. Sai kika riƙa sa a fitar da ke tsakar gida da yamma, kina kallon yadda take aiki: inda take ajiye kujerarta 'yar tsugunno, yadda take taka tukunya da ƙafa in tana tuƙi, nisan da hannunta ke kaiwa ba tare da ta tashi ba.

Bayan damina kika kira Munzali. Na zo na tarar an kusa gamawa, na tsaya ina kallo. Komai na ɗakin a ƙasa yake. Murhu biyu na ginin laka da siminti, tsayinsu daidai gwiwar mai zama, an rufe su ta ko'ina sai bakin sa itace da mazaunin tukunya, ga bututu ya bi bango ya huda rufi don hayaƙi ya fita sama. Kantoci gajeru, wurin randa a hannun dama, taga a daidai fuskar wanda ke zaune ba wanda ke tsaye ba. Ba tayil mai sheƙi, don kada tsohuwa ta zame.

Sana'a ta motsa mini. Na ce, "Lauratu, ke da kika koya mini kicin ke sayar da gida, wannan ai ba zai ƙara wa gidan nan daraja a kasuwa ba. Matan yanzu ba mai son girki a tsugune. Duk wanda ya saya sai ya fasa shi."

Kika yi 'yar dariya, irin wadda ta rage miki a lokacin, mara sauti. Kika ce, "Na sani, Baba. Na yi shekara goma sha ina yi wa mutanen da ban sani ba kicin, ina tunanin wanda zai saya bayansu. Wannan na mutum ɗaya ne. Ba na sayarwa ba ne."

Munzali ya ce a bar murhun ya bushe sosai kafin a sa masa wuta, kada ya tsage. Aka sa ranar Juma'a. Kika ce Hajiya za ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, a kira ni da Batula. Na ce ke da aka hana ki gishiri da rabin abin da ke cikin miya, me za ki ci? Kika ce, "Ni ba tuwon nake jira ba. Hayaƙin nake so in ga inda zai bi."

Ba ki kai Juma'ar ba. Talata da safe, bayan kin yi sallah a zaune kin sha ɗan kunu, kika ce da Hajiya kina jin sanyi ta ƙara miki bargo. Ta je ɗaukowa ta dawo ta tarar kin tafi.

Da muka iso ni da Batula gidan ya cika. Lokacin sanyi ne, mata masu wanka suka ce a ɗan ɗumama ruwa. Wata ta nufi murhun duwatsu da ake amfani da shi na wucin gadi a tsakar gida. Hajiya, wadda tun safe ba wanda ya ji muryarta, ta ce a'a, a hura a sabon. Ita da kanta ta shiga ta jera itacen ta kunna. Wutar farko da aka hura a ɗakin da kika gina ta ruwan wankanki ce.

Ina waje tare da maza a kan tabarmi, Naziru ya taɓa ni ya nuna mini rufin. Hayaƙi ne ke fita ta bakin bututun, siriri, a miƙe, yana hawa sama. Batula ta faɗa mini daga baya cewa a cikin ɗakin ko ɗigonsa babu. Naziru ya kifa kansa a kafaɗata, yaron da tun safe yake ta dauriya yana karɓar gaisuwa. Na ce masa, "Ya yi, Naziru. Aikin ya yi."

Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun ragu, na nemi iso na shiga yi wa Hajiya sallama. Na same ta a cikin ɗakin girkin, zaune bisa kujerarta, tukunya na kan wuta, Fiddausi na jingine da ita. Ke ce 'yarta ta fari, ita kuma irin matan da ce masu kunya: tun da ta haife ki ba ta taɓa kiran sunanki ba, ba ta taɓa yabonki a gaban mutane ba, ko a makokin nan ba wanda ya ga ta yi kuka. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi mata gaisuwa, ta amsa. Sai na ga hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Ta daɗe tana kallon wutar, sannan ta ce, "Malam Zubair, yarinyar nan ta tona mini asiri. Da can in suka zubo sai in ce hayaƙi ne. Yanzu me zan ce?"

Na fito na zauna a mota na daɗe ban tayar ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Lauratu 'yar Mahmuda ta zo gare Ka, Kai ne mafi alherin wanda ake sauka a wurinSa. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubanta. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da ita wajen tambaya. Yadda ta rufa wa marayu asiri suka samu wurin kwana, Ka gina mata gida a Aljannar Firdausi, Ka haɗa ta da mahaifinta a cikin salihan bayinKa.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta iyalina ga Hajiya Nana Hadiza, Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya ba ki ladan haƙurin da kika yi a bayyane da wanda kika yi a ɓoye. Ga Malam Misbahu, wanda ya yi jinya bai taɓa nuna gajiya ba, Allah Ya saka maka, Ya mayar maka da alheri. Ga Naziru, wanda yanzu nauyin gida ya dawo kansa, Allah Ya ƙarfafe ka. Ga dangi na Birchi da Barkiya da Kurfi, da abokan aikinta na Legas da suka yi doguwar tafiya don su tsaya a kan kabarinta, da Rekiya da 'ya'yanta waɗanda suka yi kuka kamar tasu ce ta rasu, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ke kuma Fiddausi, yanzu ba za ki iya karanta wannan ba. In kin girma kika karanta, ki zo gidana in ina raye. In ba na nan, ki tambayi kowa a Dutsin-Ma wace ce mahaifiyarki, ba za ki ji abin da zai sa ki sunkuyar da kai ba. Allah Ya raya ki, Ya albarkace ki, Ya sa ki zama mai yi mata addu'a.

Allah Ya jiƙan Lauratu. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Zubair Usaini
Dutsin-Ma